Jinjina Ga Masu Kula Da Ƙafar Jirgi Da Dogo

Tun watan Yulin 2016 jirgin ƙasa ke zirga-zirga tsakanin tashar Idu da ke Abuja da Rigasa a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 186. Fasinja direba yake gani da mai duba tikiti. Waɗanda suka fi cancantar jinjinar yau kuwa su ne injiniyoyi da ma'aikatan da ke lura da inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo.

Wurin da ƙarfen biyu ke haɗuwa bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, amma a nan nauyin tarago yake sauka. A kan kwana, leɓen ƙafar yana goga gefen dogo, ƙurar hunturu da yashi kuma su shiga tsakani su ƙara cinye ƙarfen. Sannu a hankali siffar ƙafar ta canza, tarago ya fara jijjiga.

Injiniyoyin duniya yanzu kan gina jirgi da dogonsa a cikin kwamfuta, da manhajoji irin su Simpack. Su saka masa nauyi da gudu da kwana, su hango inda ƙarfe zai fara lalacewa tun kafin ya lalace. Daga nan ake sanin inda za a shafa giris, da lokacin goge dogo, da ranar sassaƙe ƙafar jirgi.

Amma lissafin kwamfuta na jiran ma'aunin mutumin da ya bi dogo a ƙasa, cikin rana, yana duba kowace tsaga. Injiniyoyin da masu bin dogon duka sun cancanci yabo, da kayan aiki, da horo.