Mai riƙe wa likitan haƙori kayan aiki ma tana da baki

Ƙanwata ta yi shekara shida tana aiki a wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Ita ke buɗe ɗaki da safe, ta jera filaya da madubin baki a kan faranti, ta kwaɓa abin cike kogo kafin ya daskare, ta riƙe bututun tsotse yawu da jini yayin da likita ke fama da turmin da ya karye a dasashi. Yaron da ya ga allura ya fasa ihu, ita ke lallashinsa. Da yamma ita ke wanke ƙarafan nan ta zuba su a tukunyar tururi. A duk shekarun nan ban taɓa jin wani ya ambaci sunan sana'arta ba. "Yarinyar likita" ake ce mata, kuma ranar da allurar da aka yi wa majinyaci ta soke ta a yatsa, cewa aka yi ta wanke da sabulu ta koma bakin aiki.

Tukunyar tururin nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Sai ta kai zafin digiri 134 na aƙalla minti 3, ko 121 na minti 15, kafin a ce ƙarfe ya tsarkaka. In aka yi gaggawa don layi ya yi tsawo, ko wuta ta ɗauke aka fitar da kayan da ɗumi-ɗuminsu, ciwon hanta zai iya tashi daga bakin wani ya sauka a bakin wani. Likita ba ya tsaye a wurin. Amanar tana hannun mataimakiya, wadda sau da yawa ba ta da ikon cewa "ranka ya daɗe, kayan nan ba su kai ba," domin ba ta da inda za ta kai kuka in aka sallame ta.

Shi ya sa nake goyon bayan sauyin da ake gani a wasu ƙasashe. A Ingila, tun 2008 ba a yin aikin nas na haƙori sai da rajistar hukumar GDC, wadda ita ce kuma ke yi wa likitocin haƙori rajista. Afirka ta Kudu ta fi ba ni darasi, don can sai da aka je kotu. Gwamnati ta fitar da ƙa'idojin yi wa mataimaka rajista a ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta HPCSA, sai ƙungiyar likitocin haƙori, SADA, ta kai ƙara tana neman a soke su. Ƙungiyar mataimakan, DENTASA, ta tsaya kai da fata, kuma a 2015 Babbar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da buƙatar likitocin. Yau sunan sana'arsu yana cikin sunan kwamitin da ke kula da su.

A Najeriya ba a ce babu komai ba. Hukumar DTRBN, wadda dokar soja mai lamba 81 ta 1993 ta kafa, tana yi wa nas-nas da mataimakan haƙori rajista. Amma sunanta na masu jinyar haƙori ne, waɗanda ake kira tarafis, sauran kuwa an raɓa su ne a inuwar wasu. Likitoci na da MDCN, masu ƙera haƙoran roba na da tasu hukumar. Rajista da biyan kuɗin lasisi daban, samun bakin magana a wurin yanke hukunci daban.

Kakanninmu ba su yi wannan kuskure ba. Wanzamai na da Sarkin Aska, maƙera na da Sarkin Maƙera, kuma ba a taɓa ɗauko mahauci a naɗa shi ya yi magana da yawun wanzamai a fada ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa tsayawa awa takwas a gefen kujerar nan ba, ba zai tuna da rigakafin ciwon hanta ga ma'aikata ba, balle rigar kariya lokacin ɗaukar hoton haƙori.

Na san abin da masu asibitoci ke tsoro: albashi zai tashi, kuma waɗanda suka koyi aikin a hannu ba tare da takarda ba za su rasa abinci. Tsoro na biyu gaskiya ne, ƙanwata ma tana cikinsu. Maganinsa a ba su wa'adi da jarrabawar gwaji ta aiki da hannu, wadda ta ci a ba ta lasisi. Na farkon kuwa ban karɓe shi ba, domin arhar da ake samu a kan bakin majinyaci ake samun ta.

Ga 'yan majalisarmu da ke kwamitocin lafiya: duk lokacin da dokar DTRBN ta zo gabanku don gyara, ku rubuta wa mataimakan haƙori kujera tasu a cikinta, kuma su da kansu su zaɓi wanda zai zauna a kai.