Hawan Ƙaho: Wasan Rundawa ko Abin Nuna wa Baƙi?

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya dace da yadda ake fassara hawan ƙaho a yau. A rubutun Faransanci akan kira shi korida, wasu kuma su ce rodiyon Hausawa ne. Sunayen biyu duka na aro ne, kuma suna rufe abin da ya kamata ɗalibi ya gani.

Rodiyo ya samo asali daga aikin makiyayan shanu bisa dawaki a Meziko da yammacin Amurka. Bikin garin Cheyenne ya faro a 1897, na Calgary a Kanada kuma a 1912. A can mahayi yana zama a gadon bayan bijimi, hannu ɗaya riƙe da igiya, ana ƙidaya masa daƙiƙa 8. A koridar Sifaniya kuwa, takobi ke ƙare wasa a tsakiyar fage. Hawan ƙaho daban yake. Ana ɗaure sa da igiyoyi a kai da ƙafar baya, samari suna riƙe. Mahauci ya tunkare shi ta gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin nan biyu ya manne, sa yana kaɗa kai don ya yar da shi. Ba a duba agogo, ba a ba da maki. Idon jama'a da bakin kalangu su ne alƙalai.

Wasan ba na kowa ba ne. Gadon rundawa ne, kamar yadda dambe yake, kuma Sarkin Fawa ne uban tafiya. Akan yi shi a jajibirin salla, ko wajen naɗin sarauta, ko bikin ɗan mahauci. San da aka zagaya gari da shi, shi za a kai mahauta. Saboda haka wasan talla ce ta naman gobe, kuma shaida ce cewa yaro ya isa a kira shi ɗan gado. Makaɗi na kiran sunan kakanninsa, shi kuma yana amsawa da kirari.

Nan ne matsalar take. Idan aka ɗauke wasan daga wannan gurbi aka kai shi filin tarbar manyan baƙi, lasifika yakan danne kalangu, kirari ya ɓace cikin hayaniya, abin da ya rage sai tsoro da tafi. Yaron da bai koyi riƙon igiya wajen magabata ba yana iya shiga don neman suna, ya fito da rauni. Malaman da ke ƙyamar wasan saboda azabtar da dabba da dogaro da layu suna da hujjar da ba a kawar da ita da cewa al'ada ce kawai. Amsarta ita ce ƙa'ida: a taƙaita lokaci, a hana dukan sa, a hana ƙananan yara kusantar fage.

Kokowa ta ba da darasi. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ta sami fage da doka da Takobi, ta kuma zama abin alfaharin Nijar. Amma nasararta ta dogara ga cewa makaɗa da kirari ba su bar fagen ba.

Saboda haka aikin yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Ƙonni, Malbaza da Illela. Su je wajen tsofaffin mahauta da makaɗansu, su ɗauki kirari da kalmomin sana'a a rubuce da kuma a murya, su kai su aji. Duk inda za a shirya wasan, a bar ragamarsa hannun Sarkin Fawa. In tsofaffin nan suka kau ba a tambaye su ba, sa da igiya za su saura, amma ba za a sami mai faɗin ma'anarsu ba.