Hannu da Baki: Daga Kuntigi zuwa Fiyano a Karkarar Arewacin Kano

A ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kiɗan da aka gada na taro ne. Gangar noma ranar gayya, kalangu a wajen biki, kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida, kiɗan dambe bayan an kai amfani rumbu. Duka suna bukatar jama'a: mai bugu daban, mai waƙa daban, ga 'yan amshi na karɓa. Amma akwai wata siririyar hanya da ta bi gefen wannan, ta mutum ɗaya da zai tsara waƙarsa, ya kaɗa da hannunsa, ya rera da bakinsa. A ganina ita ta fi kusantar rayuwar talaka, kuma ita muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Turawa sun yi zamanin irin wannan waƙa a farkon shekarun 1970. Carole King ta shafe shekarun 1960 tana rubuta wa wasu waƙoƙi a New York, sai a 1971 ta zauna gaban fiyano ta fitar da faifan Tapestry da muryarta, duniya ta ɗauka. A 1973 Billy Joel ya yi Piano Man, wadda ya gina a kan ƙananan mutanen da ke zuwa mashayar da yake kaɗa fiyano a Los Angeles, kowa da burinsa da bai cika ba. A daidai waɗannan shekaru, Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, yana irin wannan aiki da kuntigi, ba tare da ya kwaikwaye su ba.

Kuntigi ba komai ba ne illa ɗan gwangwani da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya. Ƙanƙantarsa ce ƙarfinsa. Mamman Shata, da girmansa, idan zai fita sai da makaɗan kalangu da 'yan amshi, kuma kowane cikinsu yana da iyali. Ƙungiya irin wannan dole ta nemi inda kyauta take da nauyi, ko da yake Shata bai taɓa mantawa da talaka ba. Shi kuwa mai kuntigi abin kiɗansa na shiga aljihun riga. Ɗan Maraya ya yi wa manya waƙa, amma yana da sararin da zai tsaya ya yi wa karen mota tasa, ya dubi yaron da ke cin ƙura a bayan babbar mota ya ce shi ma mutum ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda hannu ke jiran baki. Ka saurari Jawabin Aure ko Gulma Wuya. Idan magana ta yi tsawo, tsirkiya ta ja da baya ta ba ta wuri. Idan ya sauya murya ya zama miji, ya sake sauyawa ya zama mata, kiɗan ya bi shi. Wani lokaci ya yi shiru da baki, kuntigi ya ƙarasa zancen, mai sauraro ya gane abin da ba a faɗa ba. Wannan ba ya yiwuwa sai mai kiɗa da mai waƙa sun zama rai ɗaya. Haka Haruna Uji na Haɗeja yake da gurminsa: in baiti ya ƙare da wuri, yatsu su cike gurbin, in ya zarce, su saurara masa.

Waɗannan muryoyi sun iso ƙauyukanmu ta Rediyon Kaduna da Rediyon Kano, daga baya ta kaset. Direbobin hanyar Kano zuwa Katsina da ke ratsa Bichi da Tsanyawa, da na hanyar Daura da ke bi ta Dambatta, su ma sun yi nasu ƙoƙarin wajen yaɗa su. Manomi ya rataye rediyo a reshen ɗorawa yana noman firi, shi kaɗai, ga kuma mutum ɗaya yana yi masa magana a kan auren dole, da gulma, da halin ɗan Adam. Gangar gayya tana zuga ka ka fi ɗan'uwanka kunya, amma wannan waƙar tana sa ka tunani.

Sai fiyano ya shigo. Daga tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka fara amfani da na'urar Yamaha mai ɗauke da muryoyin kayan kiɗa iri-iri, wadda muke kira fiyano, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 ba a sake waiwaye ba. Yau a kasuwannin karkara rumfar mai tura waƙa a waya ba ta rabo da samari, a biki kuma DJ ya zauna inda makaɗa ke zama. Sai dai fiyanon Carole King yatsu ne ke taɓa shi yayin da take rerawa. Namu, galibi, ana shirya bugun ne tukuna, na'ura ta riƙe shi ba ƙari ba ragi, mawaƙi ya zo ya zuba kalmomi a kai. Baki ne yanzu ke bin kiɗa. Shi ya sa za ka ji an ja gaɓar da bai kamata a ja ba, an karya karin kalma don ta shiga ma'auni, Bahaushe ya ji Hausarsa ta yi masa baƙunta.

Ba na cikin masu cewa fiyano bai kawo alheri ba. A karkara kiɗa gado ne, kuma ana yi masa kallon roƙo. Ɗan malami ko ɗan mai unguwa ba zai rungumi gurmi ba tare da gida ya ɗauki zafi ba. Fiyano ya sassauta wannan, domin ba kayan gidan kowa ba ne. Ta wannan ƙofa marubuta suka shigo, irin su Aminu Ladan Abubakar Ala, wanda ke fara rubuta baitinsa da ma'auni da amsa-amo, sannan ya sa a kwantar da kiɗa don a ji kowace kalma, kamar yadda yake a Bara a Kufai. Yaron Makoɗa ko Kunci da ke cika littafin makaranta da baitoci yanzu yana da inda zai dosa: ya tara kuɗin mota da na situdiyo, ya shiga birni.

Amma idan ya isa, wani ne zai zauna gaban na'urar, shi kuma ya tsaya a bayan gilashi yana jiran a ba shi alamar shiga. Ɗan Maraya ya rasu a watan Yuni na 2015, kuma cikin dubban masu waƙar fiyano na yau, ƙalilan ne ke iya kaɗa abin da suke rerawa a kai.