Ta'aziyyar da Seneka Ya Yi wa Marsiya

'Yan uwana mata, wata tsohuwar wasiƙa nake so mu duba tare, wadda wani malami na ƙasar Rum mai suna Seneka ya rubuta wajen shekara ta 40 Miladiyya. Shi ɗan makarantar Sitowa ne, masu koyar da cewa mutum ya kula da zuciyarsa da halinsa, domin su kaɗai ne a hannunsa. Wadda ya rubuta wa ɗin sunanta Marsiya, ɗanta ne ya rasu, har shekara uku tana kuka kamar jiya aka yi rasuwar.

Sai ya kawo mata labarin mata biyu na gidan Sarki Agustus. Oktabiya yayar sarki ta rasa ɗanta Marselus, ta hana a ambaci sunansa a gabanta, har ta koma jin haushin duk uwar da nata ɗan ke raye. Lifiya matar sarki kuwa ta rasa Durusus, ta yi kukanta ta share hawaye, kullum tana hirarsa da mutane. Ya ce wa Marsiya ta zaɓi ɗaya.

Gaskiya nan wurin ya burge ni. Dubi yadda baƙin ciki in ya daɗe yake rikiɗewa ya zama hassada, mace ba ta ma sani ba! Haka kuma maganarsa cewa 'ya'ya da dukiya duk aro ne, da cewa mace ba ta gaza namiji wajen juriya ba, a wancan zamanin fa.

Sai dai kash, malam ya cika tsauri. Wai Marsiya ta saba da kukan ne har tana jin daɗinsa. Haba! Kuma wannan "dubi wance" ɗin, wace macen ce a cikinmu ba a taɓa yi mata shi ba? Ai ba ya sanyaya zuciya, kunya kawai yake sawa a haɗiye kukan. Ita Lifiyar ma da ake misali da ita, tana da wani ɗan, Tiberiyus, wanda ya gaji sarautar a shekara ta 14.

Can ƙarshe kuma sai ya ɗauko mahaifinta marigayi yana yi mata jawabi daga sama, wai wata rana duniya duka za ta ƙone a sake sabuwa. Ni dai a ganina nan ya manta da wadda yake yi wa magana. Uwa tana kewar yaronta, shi yana can yana lissafin taurari.