Tsohon Soja a Idon Jama'arsa: Tsokaci a Kan Littafin Sozaboy

A wannan 'yar takarda za mu dubi yadda Ken Saro-Wiwa ya siffanta tsohon soja a littafinsa Sozaboy, wanda aka buga a 1985, shekara 15 bayan ƙarewar yaƙin basasar Nijeriya.

Marubucin ya kawo mana sojoji biyu 'yan ƙauyen Dukana. Na farko shi ne Zaza, wanda ya yi yaƙin Bama, ya dawo ba shi da jari sai labari da cika baki. Wannan cika bakin yana cikin abubuwan da suka ruɗi na biyun, wato Mene, yaron mota, har ya shiga soja. Da Mene ya komo, sai ya tarar uwarsa da matarsa Agnes sun mutu, mutanen gari kuma suna rufe masa ƙofa, domin sun ɗauka fatalwarsa ce ta kawo musu annoba.

A ganinmu, jigon littafin a nan yake: tuɓe kaki ba ya mai da soja ɗan gari, sai jama'a sun karɓe shi. Zaza sun saurare shi, ya zauna. Mene kuwa sun lissafa shi cikin matattu, tilas ya bar musu garin.