Takardar likita ita kaɗai ba ta mayar da ma'aikaci bakin aiki

A ce ciwon baya ya kwantar da kai mako huɗu. Ka samu sauƙi, amma har yanzu ba ka iya ɗaukar kaya ko dogon zama. Wa zai tsara yadda za ka koma bakin aiki, likita ko shugabanka?

Birtaniya ta gwada amsa wannan tambaya a watan Afrilun 2010, bayan rahoton da Dame Carol Black ta fitar a 2008. A da, takardar likita hutu kawai take bayarwa. Sabuwar takardar kuwa ta ba likita damar rubuta cewa ma'aikaci zai iya aiki idan an sassauta masa: a sauya masa sa'o'i, a rage masa nauyi, a gyara wurin aikin, ko ya dawo sannu a hankali.

Tunanin mai kyau ne, domin bincike ya nuna cewa idan mutum ya daɗe a gida, komawarsa aiki na ƙara wuya. Amma ga inda gizo ke saƙar. Likitan da ya duba ka bai taɓa ganin wurin aikinka ba, kuma abin da ya rubuta shawara ce kawai. Idan shugabanka ya ce babu hali, takardar ta koma ta hutun rashin lafiya, shi ke nan. A 2015 gwamnati ta buɗe shirin Fit for Work don ƙwararru kan lafiyar ma'aikata su riƙa duba irin waɗannan mutane kyauta, amma a 2018 aka rufe sashen dubawar saboda ƙarancin waɗanda ake turawa.

Yanzu dubi Holan. Dokar da ta fara aiki a 2002 ta sa wa'adi: zuwa mako na 6 likitan ma'aikata ya tantance matsalar, zuwa mako na 8 ma'aikaci da mai aikin su rubuta tsarin komawa tare. Daga 2004 kuma, mai aiki ne ke biyan aƙalla kashi 70 cikin 100 na albashi har shekara biyu. Idan hukuma ta ga ya yi sakaci, tana iya ƙara masa har shekara guda. Ka ga ke nan zamanka a gida yana taɓa aljihunsa, dole ya zauna da kai.

Tsarin Holan ma da nasa aibin. Nauyin yana yi wa ƙananan kamfanoni yawa, kuma ana sukar sa da cewa yana sa masu aiki ɗari-ɗarin ɗaukar ma'aikatan dindindin.

Duk da haka, kuskuren Birtaniya a fili yake: ta gyara takarda, ta bar mai raba aiki ba tare da wa'adi ba. Likita ya san jikinka, amma shugabanka ne ke da ikon cewa daga gobe wani ne zai riƙa ɗaukar kayan.