Lugu da Ƙonni a Allon Sinima: Wa Aka Ba Bakin Magana?

Ga fina-finai biyu da suka bi sawun ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ratsa ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa. Na farko shi ne Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Na biyu shi ne African Apocalypse na Rob Lemkin, na 2020. Shekara 34 ke tsakaninsu, amma ma'auni ɗaya zan auna su da shi: wa aka bari ya yi magana, kuma da wane harshe?

Hondo ya ɗauko labarinsa daga littafin marigayi Abdoulaye Mamani na 1980, kuma gwanintarsa ba abin musu ba ce. Dubi yadda yake nuna ayarin yana kumbura daga zango zuwa zango, da ƴan dako da kamammun mata da garken shanu, har ya zama gari mai tafiya wanda ba ya ƙoshi sai da ganima. Dubi yadda hauka ke cin Voulet sannu sannu, har ya sa a harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, kafin sojojinsa baƙaƙe su gama da shi. Nan ne ƙarfin fim ɗin yake, nan ne kuma rauninsa: da an ƙare yaƙin Lugu, sai Sarauniya ta kusan ɓacewa daga allo, Nasara ya gaje fagen. Fim mai sunan mace ya koma nazarin zuciyar wanda ya zo kashe ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Aï Keïta, wadda ta fito a Sarauniya da kwarjinin da ba a mantawa, da Julanci take magana. Ke nan mutumin Dogon Dutsi sai ya bi rubutun Faransanci a gindin allo kafin ya ji abin da kakarsa ke cewa! Masu kare Hondo sukan ce jarumar Afirka baki ɗaya ya so ya gina, ba ta Arewa kaɗai ba. Hujja ce mai nauyi. Sai dai sarautar Azna a bakin mutanenta take zaune, cikin kirari da take da sunayen iskoki, kuma waɗannan ba sa ƙetara iyaka su iso da ransu. Hatta birnin da take kafawa a ƙarshe, inda kowane addini ke da mazauni, ya fi kama da mafarkin zamanin Sankara bisa ga Lugun 1899.

Lemkin bai kai Hondo iya sarrafa hoto ba, ko kusa. Amma ya yi abin da Hondo bai yi ba: ya zaunar da jikokin waɗanda aka yi wa kisan kiyashi a Birnin Ƙonni gaban kyamara, suka faɗi da Hausa abin da kakanninsu suka gaya musu. Ya kai mu har Maijirgi, wurin kabarin Voulet. Waɗannan mintoci sun cancanci a nuna su a kowane ajin tarihi daga Tawa zuwa Damagaram.

To amma da tsoho ya kai tsakiyar zance, sai kyamara ta juya kan fuskar Femi Nylander, saurayin Ingila mai asalin Najeriya da ke jan tafiyar, don mu ga yadda abin ya taɓa shi. Littafin Joseph Conrad da yake riƙe da shi ya zama mabuɗin fahimtar Voulet, sai ka ce shaidar Ƙonnawa ba ta isa ba sai marubucin Turai ya sa mata hannu. Amina Weira kuwa, ƴar ƙasa, mai shirya fim ita kanta, wadda ta yi aikinta a kan Arlit, matsayin ƴar rakiya da tafinta aka ba ta.